Na Bayan Balaraba

Jikata Samira da ƙawayenta sun sami aikin bincike, kuma tun daga ranar ban huta da su ba. Suna fita da safe da waya a hannu, tambaya ta fito a fuskar wayar, su karanta wa uwa, ta amsa, su dangwala yatsa. Kafin la'asar sun dawo sun miƙe ƙafa suna shan shayi. Sai su kira ni kaka da Larabci, su ce mini, "Haboba, ashe aikin da kike cika mana baki a kansa ke nan? Ki ji da Larabci ki faɗa da Hausa, shi ke nan." A zamaninmu babu waya. Ko yanzu da akwai ta, ba ita ke shiga gidan mutane ta zauna a tabarmarsu ba. Bari in gaya muku yadda aikin yake.

A wani ƙauye kusa da Sinnar, can kudu da Khartum, aka haife ni. Kakana ya taso daga ƙasar Sakkwato a ƙafa da niyyar hajji, ya tsaya noman auduga na shekara guda don ya sami guzuri, kuma har yau shekarar ba ta ƙare ba. Ni kuwa aure ya kai ni Jidda, fatauci ya kai ni Injamena da Kano, na kuma yi aiki a wani asibiti a bakin iyakar Habasha. Na dawo gida da Hausa da Larabci da Fillanci, da Turancin aiki, da Faransanci wanda bai wuce na cinikin atamfa da faɗa da direba ba.

Malam Jibrin ne ya koya mini sana'ar, tsohon tafintan wani asibiti a Madani. Masu bincike kan neme shi in za su shiga ƙauyukanmu, amma shi namiji ne, iyakarsa ƙofar gida, tarbiyyar yara kuwa a cikin gida ake yin ta. Sai ya ɗauke ni. Ni in shiga da baƙo, shi ya zauna bayan danga ya kasa kunne. In na kuskure sai ya yi tari.

Aikina na farko da wata Baturiya ne mai tambaya a kan yaye. Ta zo sanye da wando. Tsohuwar gidan ta dube ta sama da ƙasa, ta ce in tambaye ta ko mijinta ya san ta fito da wandonsa. Na juya na ce wa Baturiya tsohuwa tana yi mata maraba. Malam Jibrin ya kama tari a bayan danga har na ɗauka ransa zai fita. Da na leƙa sai ya ce, "Ba ke aka tambaya ba, ba ke za ki amsa ba. Kai mata maganar yadda take." Na koma na kai. Baturiya ta yi dariya, ta ce na mijinta ya fi wannan girma, da shi ta sa da tuni ya faɗi. Tsohuwa ta sa aka dafa mata jabana, wato gahawa, ta kuma gaya mata duk abin da ta zo nema, har da wanda ba ta tambaya ba.

Kayan aikinmu kuwa, rikoda ce mai kaset, da batura, da biron da ake naɗe zaren kaset in rikoda ta tauna shi. Akwai ma'aunin da ake ratayawa a reshen itace a sa yaro cikin zane, yana ihu kamar za a sayar da shi. Akwai 'yar tsana ta roba, wadda a wani ƙauye aka yi mata wanka aka shafa mata mai kafin a maido mana. Batura in sun mutu mu shanya su a rana su ɗan farfaɗo. In muka koma Madani muka kunna kaset, rabinsa zakara ne, sauran kuma dakan turmi, muryar uwar tana can ƙasa kamar daga rijiya. Sai in zauna ina tsinto maganarta daga cikin carar zakara.

Na yi aiki da mutane iri-iri. Na yi da Bamasaren da ke son a gama komai kafin abincin rana. Na yi da Baturiyar da ta tambayi yara ko suna farin ciki, suka ce ba a sauke tukunya ba tukuna. Na yi da 'yan Khartum da ke ganin sun san mu tunda sun taɓa sayen gyaɗa a hannun matanmu. Abin da yawo ya nuna mini shi ne kowace al'umma tana ganin nata renon ne reno, na sauran kuwa sa'a ce kawai ta sa yaran suke rayuwa.

Shekarar da ta fi ba ni wuya a farkon shekarun dubu biyu ce, tare da Daktora Ihlas. Yarinya ce daga wata jami'a a Khartum, mai ƙwazo, ba ta da wasa, kuma babban digirinta a kan wannan binciken yake rataye. Tana son ta gane ko natsuwar uwa tana gyara lafiya da halin ɗa. Za a tara iyaye mata a koya musu su zauna shiru, su rufe ido, su bi numfashinsu da hankali. Bayan haka kowace ta juyo da ɗanta, ta dube shi ido cikin ido, ta kira sunansa, ta faɗi abu guda da take so a gare shi. In an yi watanni sai a duba barcin yaran da cinsu da yawan dukan da suke sha. Ta riga ta yi haka a wani ƙauyen Larabawa kusa da Managil, da kuma cikin mutanen kudu a bayan Madani. Yanzu ta zo ga Hausawa, a wani ƙauye kudu da Sinja. Ta kuma zaɓi mata masu ɗan fari, don a ganinta sabuwar uwa ta fi saurin koyo.

Nan na ce mata akwai magana. A Jidda uwa kan sumbaci ɗanta na fari a tsakiyar kasuwa, da sunansa ma ake kiranta, a ce Ummu wane. Mu kuwa uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya shigo ɗaki ma sai ta dubi wani wajen. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce. Daktora ta saurara, ta ce mu gwada, in abin ya ƙi mu sake dabara.

Mutanen ƙauyen ba don natsuwa suka karɓe mu ba. Motarmu tana zuwa da likitan yara wata-wata, ya duba duk yaron da ke cikin binciken. Asibiti kuwa yana ƙetaren kogi, kuma da damina laka kan haɗiye lori har gadonta. Wadda ta tattaro mana matan ita ce Inna Tasalla, tsohuwar da duk matan ƙauyen ke bin maganarta, rabinsu ma surukanta ne ko jikokinta. Ita ta jera su a ƙarƙashin rumfa, kowace da yaro a cinya, tana gaya mana wance da ɗanta wane.

Zaman shirun bai yi wuya ba. Matan sun taso daga noma a hawasha, gonar da ake ba ruwa daga tashar noma, kuma tun da aka haife su ba wanda ya taɓa ce musu su zauna kada su yi komai. Kafin in gama fassara "ku bi numfashinku", wasu sun bi shi har sun ɓace. A kaset ɗin ranar munshari ya rinjayi zakara.

Da aka zo wajen duban ido na sunkuyar da kai, ina jiran abin kunya. Sai na ji suna kiran sunaye ɓaro-ɓaro. Wannan ta ce ɗanta haske ne, waccan ta ja kumatun nata tana yi masa kirari. Na saki baki. Na ce wa Daktora lallai zamani ya juya ina can ina yawon duniya. Ita kuwa murna ta kama ta. Bayan 'yan watanni ta rubuta wa farfesanta cewa ba ta ga iyaye masu sakin jiki da 'ya'yansu kamar Hausawa ba. Ni ma na riƙa tafiya ina ɗaga kai.

Mace ɗaya ce ta dame mu, sunanta Balaraba. Siririya ce mai ƙarancin magana, tana zuwa da wani yaro ƙato mai kumatu, Bashir. Duk zuwan likita sai ta ce yaro ba ya barci, ƙirjinsa na kuka, in sanyi ya sauko numfashi kan gagare shi. Likita ya ɗora abin sauraro a ƙirjin Bashir, ya daɗe, ya ɗago ya ce shi dai ba abin da ya ji a ciki sai asida, tuwon mutanen nan. Wata mai zuwa ta sake maimaitawa. Har Daktora ta sa ta cikin iyaye masu yawan fargaba, ta ce in ƙara mata lokacin zaman shiru. A gefenta kuwa Hassu ce ke zama, mace mai fara'a, da wani ramammen yaro, Haruna. In likita ya tambaye ta ko yana tari, sai ta ce wallahi a ɗakinta ba ta taɓa jin tarinsa ba. Likita ya wuce na gaba, don yaran da yawa.

Jakin mai ruwa ne ya tona asiri. Wata rana da hantsi muna tsakiyar yabon 'ya'ya, rina ta harbe shi a bakin hanya. Ya zabura da keken da gangar ruwan, ya yo cikin rumfarmu, ya ture ginshiƙi guda, rufin ya karkato. Ban taɓa ganin abu mai sauri haka ba. Kowace mace ta watsar da yaron da ke cinyarta ta yi tsalle ta cafko wani. Da ƙura ta lafa, babu ko ɗaya da ke riƙe da wanda ta zo da shi. Hassu ta rungume Bashir. Balaraba ta cusa Haruna cikin mayafinta ta danne shi a ƙirji.

Jaki yana can nesa yana kuka. Sannan ɗaya bayan ɗaya suka fara ajiye yaran kamar an sauke tukunya mai zafi, kowa tana duban rufi. Balaraba ta ture Haruna a hankali, ta ce wa iska, "Ɗan wa ne wanga ya faɗo mini a jiki?"

Daktora ta juyo ta ce, "Hajja, me na gani?"

Na ce, "Abin da na gani."

Aka kira Inna Tasalla. Ta zo da sandarta, ko a jikinta. Ta ce ita ta shirya abin tun ranar farko. Baƙuwa ta zo daga nesa tana son ta ga uwa tana duban ɗa tana yabonsa, ba kuma za a bar baƙuwa ta koma ba ta ga abin da ta zo gani ba. Amma ita tana raye ba surukarta da za ta zauna a bainar jama'a tana kiran sunan ɗan fari kamar marar iyaye. Sai ta sa kowace ta ɗauki na maƙwabciya.

"Ta ce uwaye, ga uwaye. Ta ce 'ya'yan fari, ga 'ya'yan fari. Mi ya ɓace?"

Malam Jibrin ya riga ya rasu a lokacin, amma na ji tarinsa a bayan dangar nan sarai. Na kai wa Daktora maganar yadda take. Ta shiga mota ta rufe ƙofa.

Daga Sinja ta buga wa farfesanta waya. Ya ce duk abin da aka tara ya lalace, a bar ƙauyen a nemi wani. Barin ƙauyen kuwa yana nufin likita ma ya bar shi, ga damina ta kankama. Aka tura ni in kwaso ma'auni da tabarmi, in yi wa mutane sallama.

Ina kwance igiyar ma'auni daga itace sai ga Balaraba da tulu, wai hanyar rijiya ce ta biyo da ita, alhali rijiya tana wancan gefen gari. Ta gaishe ni, ta tambayi gajiya, ta tambayi mutanen Sinnar, ta tambayi lafiyar jakin mai ruwa. Can ta ce wai ta ji motar ba za ta ƙara zuwa ba. Na ce haka ne. Ta gyara tulu.

"Akwai wani yaro a gidanmu," ta ce, "jiya har ya yi baƙi."

Na ce, "Wane yaro?"

Ta ce, "Yaron dai."

Na koma na gaya wa Daktora kalma-kalma, har da tulun da hanyar rijiyar. Sai ta ce ashe duk watannin nan matar gaskiya take faɗa, ƙirjin da ake ta dubawa ne ba shi ba. Ta sake kiran farfesa, suka yi ta musu da Turanci mai sauri, har ya yarda a ƙara gwadawa sau ɗaya, kowace uwa da ɗan cikinta. In ya ƙi, shi ke nan.

Sai ciniki da Inna Tasalla. Na yi cinikin atamfa a Injamena, na yi na zinariya a Jidda, ban taɓa haɗuwa da mai taurin kai irin nata ba. Ta ce ba kiran suna. Daktora ta yarda. Ta ce ba duban ido. Daktora ta ce to me ya rage, Inna ta ce wannan kuma ita da ta yi karatu ta sani. Daktora ta roƙi tsofaffi su ba da wuri ranar, don a gabansu kunyar ta fi nauyi. Inna ta ce za ta fita, amma tana bayan danga, kuma kunnenta lafiya lau.

Ranar ta zo. Matan suka iso, kowace tana tafe ɗanta na can baya kamar ba su san juna ba. Suka zauna, duk suka ba yaran baya. Daktora ta dubi wannan jeri na ƙeya, ta dube ni, ni ma na dube ta. Likita yana tsaye da jakarsa yana kallon sama, don hadari ya haɗo, direba kuma yana cewa in ruwa ya sauko a nan za mu yi sati.

Haruna ne ya gaji da zama. Tafiyar ta taso masa da ciwon, sai ya juya ya jingina bayansa da bayan uwarsa, wurin da ya sani tun yana goye. Balaraba ba ta motsa ba. Da sauran yaran suka gani, su ma suka jingina. Na buɗe baki zan gyara musu zama, Daktora ta riƙe hannuna.

"Bar su. Ki ce su rufe ido, kowace ta ji numfashin da ke bayanta."

Na faɗa. Ranar ba wadda ta yi barci. An ɗan jima sai Balaraba ta yi magana, idonta a rufe.

"Hajja, ki ce ma likita wanga na bayana, yanzu haka ƙirjinshi na kuka. Ya zo ya ji."

Likita ya durƙusa ya ɗora abin sauraro. Wannan karon bai yi zancen asida ba. Ya ce asma ce, kuma ta daɗe. Ya fito da maganin shaƙa ya nuna yadda ake yi, yana yi wa ƙeyar Balaraba bayani, ni ina fassarawa, ita tana gyaɗa kai. Ya ce sai an riƙa duba yaron duk wata.

Saura yabo. Daktora ta ce in tambaye ta abu guda mai kyau game da na bayanta. Balaraba ta ɓata fuska.

"Ba shi da wani kirki. Sai dai in na dawo hawasha shi ka tarbe ni da ruwa, rabi ya zube a hanya."

Yaron yana fuskantar wancan gefen, mu ne muka ga haƙoransa duk a waje. Ita ba ta juya ba. Ta ce, "Ki ce mishi ya bar dariya, ina jin ta."

Daga bayan danga muka ji Inna Tasalla ta yi gyaran murya, amma ba ta hana ba.

Ba a bar ƙauyen ba, sai dai komai ya koma farko. Digirin Daktora ya ja da baya da shekara. Muka yi daminar nan muna tura mota cikin laka, takalmana da yawa suna can har yau a ƙarƙashin hanyar Sinja. Muka sake bin gida-gida muna tantance ɗan wa ne wane, kuma ba uwa muke tambaya ba, kaka ko maƙwabciya. Daktora ta kai zaman baya-da-baya ƙauyen Larabawan nan na Managil don ta gwada. Can kuma matsalar daban ce, iyayen ba sa iya haƙuri, kowane lokaci sai su juyo su sumbaci yaran.

Don haka, Samira, kafin ki dangwala yatsa a wayar nan, ki fara sanin wa ke zaune a gabanki, da abin da bakinta ba zai iya faɗa ba ko da an sa mata wuƙa. Wannan ba ya fitowa a fuskar waya.

Haruna yana nan, ƙato, yana jan motar haya tsakanin Sinja da Sinnar, maganin shaƙarsa a aljihu. Duk tasha da Nabaya aka san shi. Uwarsa ta tsufa, har yau ba ta kira sunansa ba. Na shiga motarsa kwanan baya, matarsa tana cikin motar riƙe da ɗansu na fari. Tun daga Sinja har muka ga madatsar ruwan Sinnar take kiran sunan yaron, tana share masa hanci, tana sumbatarsa, ga surukarta Balaraba zaune a gefe tana kallon taga. Ku ba wanda zai yi muku musayar 'ya'ya, don ba sauran dalili. Kunyar ɗan fari ta ƙare a ƙauyukan nan, su Balaraba ne na ƙarshe da suka riƙe ta.